Yadda Ake Tono Tarihin Maraɗi Daga Tsofaffin Hotuna

Duk wanda zai yi aiki da tsofaffin hotunan Maraɗi, tambayar farko da zai yi wa kowane hoto ita ce: a kwari aka ɗauke shi ko a tudu? Dalili kuwa, garin nan ya taɓa tashi. Tsohon Maraɗi, inda Katsinawan da suka baro birninsu bayan 1807 suka kafa sarauta a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, a cikin kwarin gulbi yake. A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya ci gari. Hukumar Faransawa ta mai da mutane kan tudu, aka yanka tituna masu faɗi, aka raba filaye a miƙe, tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu. Saboda haka idan ka ga an rubuta "Limanci" a bayan hoton 1938, kada ka je Limancin yau neman wurin. Wannan shekara ta raba hotunan garin gida biyu, kuma sauran aikin duk a kanta ake ɗora shi.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne gaggawa. Takardar hoto za ta iya jiran wasu shekaru, amma tsohuwar da za ta dubi fuska ta ce "wannan ai wance ce, ƴar gidan wane" ba za ta jira ba. Wanda aka haifa a shekarar ambaliya yau yana cikin shekaru tamanin.

Kayan da za ka riƙe

Waya mai kyamara mai kyau da isasshen wurin ajiya, da batirin ko-ta-kwana. Farin kwali ko toka-toka mai girman A3 don shimfiɗa. Rula ta santimita 30. Fensir mai taushi, 2B. Littafin rajista mai bango mai ƙarfi. Burushi mai laushi irin na kwalliya, sabo, wanda bai taɓa hoda ba. Gilashin ƙara girma. Ambulan na takarda kamar hamsin. Idan da hali, sikana mai shimfiɗa da kwamfuta. Sai goro, domin ba a shiga zauren dattijo hannu rabbana. Bik, salatif, gam da roba mai ɗaure kuɗi, a bar su a gida: tawadar bik tana ratsa takarda, salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, roba kuma tana narkewa da zafi ta manne a fuskar hoto.

Inda hotunan suke

Fara da gidanku da na dangi. A nan za ka koyi aikin, kuma idan ka yi kuskure da sauƙi. Hotuna kan ɓuya a ƙasan adaka, cikin tsohon fasfo na aikin hajji, bayan madubi, cikin kwalin takardun fili, ko a firam a bangon zaure. Tambayi mata tun da wuri, domin a gidaje da yawa adakar uwargida ce ma'ajiyar gida.

Daga nan sai gidajen da sana'arsu ta haɗa su da kyamara: iyalan tsofaffin masu ɗaukar hoto, waɗanda wani lokaci suke da buhun baƙin fim da ba wanda ya buɗe tun rasuwar mai shi, gidajen alhazan da suka yi fataucin gyaɗa da fata, tsofaffin malaman lakwal, masu hotunan aji da allo a gaba an rubuta shekara da alli, tsofaffin sojoji, direbobin manyan motoci, ƴan kokowa, shugabannin samariya. Fada kuwa ba a faɗa mata kai tsaye. A nemi wanda zai yi iso, a bayyana abin da ake so a fili, a karɓi ranar da aka bayar. Haka ma gidajen Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka, da gidan Iya, da fadar Gobir a Tsibiri.

A wajen gidaje akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, da IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, da ma'ajiyar takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence a Faransa. Ƴan mishan na SIM, waɗanda suka zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920 kuma suka buɗe asibitin kutare a Danja, sun ɗauki hotuna da yawa. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1950 don zana taswira suna nuna garin tudu yana sabo. Idan za ka nema a intanet, rubuta sunaye yadda Faransawa suke rubuta su: Tibiri, Tessaoua, Madarounfa, Goulbi, Katsena. Wanda ya rubuta "Madarumfa" ko "Tasawa" zai dawo hannu wofi alhali kayan suna nan.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada ka fita da hoton mutane daga gidansu. Yawancin gidajen da za su hana ka gani, wani ne ya taɓa zuwa ya ce aro, bai mayar ba. Ka yi kwafinka a gaban mai shi, ka mai da hoton inda ka same shi. Bayan mako ɗaya ko biyu ka dawo da kwafi babba da aka wanke, ka ba su kyauta. Wannan kwafin shi ke buɗe maka adaka ta biyu, da ƙofar maƙwabci. Idan kuma mai gida ya ce shi ba ya son harkar hoto saboda addini, a yi godiya a tashi, ba a jayayya.

Yin kwafi

Wanke hannu da sabulu, ka bari ya bushe sarai. Riƙe hoto ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Share ƙura da burushi daga tsakiya zuwa baki, a hankali. Kada ka hura da baki, kada ka goga da tsumma, domin ƙurar Maraɗi rairayi ce, tana karce hoto kamar yashi a kan gilashi.

Idan da waya za ka yi, nemi inuwa mai haske, kamar bakin ƙofar zaure da hantsi ko bayan la'asar. Rana kai tsaye tana sa ƙyalli, fitilar waya kuma tana bar maka farin tabo a tsakiya, don haka a kashe ta. Shimfiɗa kwali a kan tabarma, ɗora hoto, ajiye rula a gefensa, da ƴar takarda mai lambar hoton. Ɗora wayar a kan wani abu tsayayye, ko kujera ƴar tsugunne da littattafai, kyamara tana kallon ƙasa daidai. Idan wayar ta karkace, hoto mai kusurwa huɗu zai fito kansa ya fi gindinsa faɗi, fuskoki su miƙe. Sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3 don kada hannu ya girgiza ta. Kada ka jawo hoto da yatsu a kan allo. Matso da wayar. Tufafi masu launi mai ƙarfi suna haskawa a kan hoto mai sheƙi, shi ya sa riga baƙa ko mai duhu ta fi dacewa da mai wannan aiki.

Kowane hoto sau uku aƙalla: gaba gaba ɗaya har da bakinsa, baya gaba ɗaya ko da ka ga kamar babu komai, sai kuma kusa-kusa na duk wani rubutu, lambar mota, allo ko fuska. Bayan hoto sau da yawa ya fi gabansa amfani. Can ake samun hatimin mai hoto, wani lokaci na Kano ko Katsina, da rubutun ajami, da lissafin bashi da wani ya yi da fensir wanda zai ba ka shekara.

Idan da sikana, sa ta a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, don hoto mai girman santimita 10 da 15, ka ajiye a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto. Kowane ɗaya zai ci kamar megabait 25. Ƙananan hotunan fasfo da na katin shaida a kai su 1200. Baƙin fim yana buƙatar sikana mai fitila a murfi, a 2400 ko sama. Ɗauki ko da hoton baƙi da fari ne a matsayin mai launi, saboda jan da takarda ta yi da shuɗin hatimi shaida ne. Kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Hoton da ya manne da gilashin firam, kada a ja shi. Fuskar za ta bi gilashi ta bar maka farar takarda. A ɗauke shi ta cikin gilashin yadda yake. Hoton da aka liƙa a albam, kada a ɓamɓare. A ɗauki shafin gaba ɗaya tukuna, domin jerin da mai albam ya yi yana faɗar wa ke kusa da wa. Wanda ya naɗe kamar tabarma, kada a tanƙwara shi baya, zai tsage. A danne gefensa da gilashi mai tsabta. Wajen aika kwafi ta WhatsApp kuma, a tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, rubutun allon da kake son karantawa ya dagule.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ko su "gyara" fuska, a yi hattara da su ƙwarai. Ba su san abin da ke wurin ba, ƙirƙira suke yi. Suna goge askar fuska suna ɗauka karce ne, suna mai da baƙin rawani mai shuni ruwan toka, suna ba dattijo idon da ba nasa ba. In an yi don nishaɗi, a rubuta a jiki cewa an taɓa shi, asalin kwafin kuma a bar shi yadda ya fito.

Lamba da rajista

Ba kowane gida lamba, ba kowane hoto lamba a cikin gidan. MRD-007-012 na nufin gida na 7, hoto na 12. Lambar nan ita ce sunan fayil, ita ce a rajista, ita ce a kan ambulan. In mai hoto ya yarda, a rubuta ta da fensir a gefen baya, ba tare da dannawa ba.

A rajista kowane hoto ya samu shafinsa, a raba shafin uku. Kashi na farko: abin da ido ya gani kawai, misali maza biyar, doki ɗaya, ginin ƙasa mai zanko, buhuna a jibge. Na biyu: abin da aka rubuta a jikin hoton, harafi da harafi, har da kuskuren mai rubutun. Na uku: abin da mutane suka faɗa, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Kada ka bari ukun nan su cakuɗe. Da zarar zaton wani ya shiga kashi na farko, bayan shekara biyu kai kanka za ka ɗauke shi tabbas, wani ya kwafa daga gare ka, ƙarya ta yi gindi.

Gano shekara

Da wuya ka samu shekara ɗaya tak. Abin da ake yi shi ne kafa shinge biyu: hoton bai riga shekara kaza ba, bai kuma wuce shekara kaza ba. Sai a yi ta matso da shingayen har su kusanci juna.

Takardar kanta tana magana. Mai kauri, wadda bayanta ke da laushin takarda sosai, ita ce tsohuwar. Mai santsi kamar leda a baya ta yaɗu ne daga shekarun 1970. Baki mai tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto an fi yin sa daga shekarun 1930 zuwa na 1960. Hoto mai launi da ya koma ja-ja yawanci na shekarun 1970 ne ko farkon 1980. Na bayan nan sukan zo da kwanan wata a baya ko a kusurwa, sai dai na baya ranar wanki ce, kuma fim kan yi wata da watanni a cikin kyamara. Na kusurwa kuma daidai yake ne kawai idan mai kyamara ya saita agogonta.

Katin gidan waya mai hoto yana da nasa alamomi. Wanda aka raba bayansa biyu, gefe na adireshi gefe na saƙo, bai riga 1904 ba. Kan sarkin da ke jiki yana taimakawa: mai "Territoire du Niger" na farkon shekarun 1920 ne, mai sunan Afirka ta Yamma ta Faransa kaɗai daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa 1959, mai "République du Niger" daga 1959. Amma hatimin gidan waya shingen ƙarshe kawai yake ba ka. Ana iya sayar da kati ɗaya shekara ashirin bayan ɗaukar hoton. Rubutun da ke ƙasan irin waɗannan katuna kuma kada a amince da shi ido rufe. Yawancin masu buga su a Faransa suke, kuma "kasuwar Hausawa" a wurinsu tana iya zama Damagaram ko Tawa.

Sai abin da ke cikin hoton. Mota ba ta ƙarya wajen shingen farko: Peugeot 403 ta fito a 1955, 404 a 1960, 504 a 1968. Tutar Nijar ba ta riga ƙarshen 1959 ba. Hoton shugaban da ke rataye a bango yana raba zamani: Diori Hamani har zuwa 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché daga nan zuwa Nuwamba 1987, sai Ali Saibou. Farashi a allon kanti da CFA bai riga Disamba 1945 ba, naira a hannun ɗan canji ba ta riga 1973 ba. Ofishin kumandan mai cikakken iko a Maraɗi yana nuna bayan 1927, lokacin da aka ɗauko mazaunin mulki daga Tasawa. Tarin buhunan gyaɗa yana da nasa tarihin: sunan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA a jikin sito yana nuna zamanin da suke riƙe da cinikin, sunan SONARA kuwa, kamfanin cinikin gyaɗa na Nijar, bai riga 1962 ba, kuma bayan farin 1973 da 1974 irin wannan tari ya ja baya ƙwarai. Hoton gasar kokowa ta ƙasa bai riga 1975 ba, shekarar da Kantu na Maraɗi ya yi nasara a Tawa. Ganin sarki a hoto yana taimakawa, amma Sarki Buzu na Maraɗi ya daɗe a gado shekaru masu yawa, don haka a dubi furfurarsa da waɗanda ke zaune kusa da shi.

Lokacin shekara kuma itatuwa ke faɗa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Kuka akasin haka take yi. Gawo tsirara da ƙasa mai ciyawa, damina ce. Dammunan gero a jingine, kaka ce. Mutane a duƙunƙune cikin mayafi, nesa ta yi fari da hazo, hunturu ne. Ruwa kwance a gulbi daga baki zuwa baki, tsakanin Yuli da Satumba ne.

Wannan yana da amfani na musamman ga hotunan hawan salla, waɗanda su suka fi yawa a gidajen sarauta. Salla tana matsowa da kwana 11 kowace shekara, tana zagayowa cikin shekara 33. Ƙaramar Sallar 1960 ta faɗo a ƙarshen Maris, ta 1970 a bakin Disamba, ta 1980 a Agusta. To idan an tabbatar maka hoton na Ƙaramar Salla ne, ga kuma gero tsaye kore a bayan mahaya, kana wajajen 1980 ko wajajen 1947. Takarda da motocin da ke gefe za su raba maka gardama tsakanin biyun.

Zama da tsofaffi

Nan ne hoto ke samun suna. Wanke kwafi babba a kan A4, domin idon tsoho ba ya ganin fuska a allon waya. Yi kwafi na biyu tun a gida, ka sa wa kowane kai lamba da jan bik, daga hagu zuwa dama. Je da hantsi, lokacin da jiki ke da ƙarfi, kada zama ya wuce awa ɗaya, kada hotuna su wuce goma. Nemi izinin naɗar murya, ka fara da faɗar ranar da wurin da lambar hoton.

Bayan gaisuwa, miƙa hoton ka yi shiru. Bari ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya yi murmushi ko ya yi salati. Sannan ka ce, "Baba, wa kuka gane a nan?" ko "Inna, wannan wane wuri ne?" Kada ka ce, "Wannan ba Alhaji wane ba ne?" Dattijo mai kunya zai ce maka shi ne don kada ya ba ka kunya, kai kuma ka rubuta zatonka da sunansa. In ya ce bai sani ba, rubuta haka, ka tambaye shi wa zai sani.

Tsofaffi ba sa lissafi da lambar shekara, da abin da ya faru suke yi. Za ka ji "bayan an hau tudu da shekara biyu", "lokacin zaɓen Sawaba da RDA", "ana yaƙin Biyafara", "shekarar El Buhari". Rubuta yadda aka faɗa, daga baya ka fassara: Sawaba da RDA jam'iyyun siyasa ne na gab da samun ƴanci, yaƙin Biyafara 1967 zuwa 1970, El Buhari yunwar 1984 zuwa 1985, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. Tambayar da ta fi kowace kawo shekara ita ce ta haihuwa da aure: "A lokacin kin yi aure?" "Wa kike goyo?" Mace ba ta mantawa da wanda take goyo.

Kai hoto ɗaya wurin mutum uku, kowa daban. In ka tara su wuri ɗaya, mai babbar murya ko mai babbar riga zai faɗa, sauran su ce haka ne. In biyu sun saɓa, rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Kuma ka san wa ya san me. Tsofaffin mata sun san sunan zane da shekarar da ya yi tashe, da sunan kitso. Wanzamai suna karanta aska, su raba maka Bagobiri da Bakatsine. Makaɗan fada da maroƙa sun san jerin masu sarauta da wanda ya gaji wani. Tsofaffin direbobi suna gane mota da mai ita ko da rabin lamba ne ya fito.

Gano wurin da aka tsaya

Fara da tambayar kwari ko tudu. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, da ƙananan bedi a jere, garin tudu ne yana sabo, kuma girman itatuwan zai nuna maka shekara nawa da hawa. Daga nan nemi abin da ba ya tashi: hasumiyar masallaci, shaton ruwa, ƙofar fada da filin Ɗan Kasawa, gangaren da ke sauka kwari, tsohuwar kuka.

Inuwa tana nuna gabas da yamma, amma a Maraɗi sai an lura. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran watanni arewa. Wanda bai san wannan ba zai juya hoton damina baibai, ya nemi gini a ɗaya gefen titi. Masallaci ya fi sauƙi, domin alƙibla gabas take, ta ɗan karkata arewa. Ka lura kuma ko an wanke fim ɗin a juye: rubutun allo zai fito baibai, sitiyarin mota ya koma ɗaya hannun.

In ka samu wurin, tsaya da kwafin a hannu ka matsa gaba da baya har abu na kusa da na nesa su jeru yadda suka jeru a tsohon hoton. Ɗauki sabo a lokaci ɗaya na yini, ka ajiye alamar wurin a taswirar waya. Yi wannan da wuri, saboda gine-gine suna tafiya. Gyare-gyaren Maraɗi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garin a 2015, kaɗai sun sauya fuskar tituna da yawa. Hotunan gulbi sun cancanci a ba su kulawa daban. Ruwansa ya canza tun da aka gina madatsar Jibiya, a saman gulbin cikin Najeriya, a wajajen 1990, kuma bakinsa yana ci yana matsawa, don haka jerin hotuna daga wuri ɗaya, na da da na yanzu, yana nuna abin da baki ba zai iya kwatantawa ba.

Adanawa

Abokan gabar hoto a nan huɗu ne: gara, zafi, laimar damina da hannun mutane. Shawarar da za ka bar wa kowane gida ita ce a sa hotuna ɗaya-ɗaya a ambulan, ko a raba su da farar takarda, a cikin akwatin ƙarfe mai murfi. A ɗora akwatin a kan wani abu, santimita 30 aƙalla daga ƙasa, kada ya jingina da bango, domin ta nan gara ke hawa. Ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi ɗakin kwano da ke tafasa a watan Afrilu. A buɗe a duba sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke. Kada a zuba maganin ƙwari a kan hotuna, kada a sa turare a akwatin.

Manne hoto cikin leda da na'ura mai zafi, wanda mutane ke yi da niyyar kariya, kashe shi ne a hankali: ba ya ɓaruwa, kuma gam ɗin yana cin hoton. Na bango kuwa rana ke cinye shi, don haka a rataye kwafi, a ɓoye na asali. In ruwa ya shiga akwati, kada a jira. Cikin kwana biyu fumfuna ke kamawa. A raba hotunan tun suna jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta mai sanyi in akwai laka, a shanya su fuska sama a inuwa. Baƙin fim mai warin tsami ya fara ruɓewa, a ware shi a yi kwafinsa da gaggawa. Wanda ya girmi shekarun 1950 kuma yana iya zama irin mai kama wuta, a nisanta shi da murhu da fitila.

Kwafin kwamfuta a ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje da ke wani gida daban, da kuma a intanet. Waya kaɗai ba ma'ajiya ba ce. A ɗauki hoton shafukan rajistar ma, a haɗa su da muryoyin.

Kafin a fitar wa jama'a

Izinin yin kwafi daban, izinin sawa a Facebook daban. Koma ka tambaya, ka rubuta amsar a rajista. Hotunan matan gida, na ƴan bori, na marasa lafiya a Danja, na waɗanda aka kama a rikicin siyasar shekarun 1960, duk suna da jikoki a gari. Katunan Turawa da ke nuna ƴan mata ba sutura, a ajiye su don bincike, ba don yaɗawa ba. In wani dattijo ya faɗi asalin wani gida a cikin hira, wannan ya tsaya a rajista.

Bayanin da ke ƙasan hoto ya zama gajere kuma mai gaskiya: me ake gani, ina ne, tsakanin wace shekara da wace, daga wane gida in sun yarda a faɗa, da lambar hoton. Inda ake zato a rubuta "ana jin", inda aka tabbatar a faɗi da me aka tabbatar. Rubuta bayanin a jikin kwafin da za ka saki, a farin gefe na ƙasa, saboda hoto yana yawo a waya ya bar bayaninsa a baya, gobe ka gan shi an ce Kano ce.

Kada ka ce za ka rubuta tarihin gari gaba ɗaya a tashi ɗaya. Ɗauki zare guda, kamar kasuwa, ko cinikin gyaɗa, ko hawan salla, ko gulbi daga Madarumfa zuwa Tsibiri, ka jera hotuna 15 zuwa 20 bisa shekaru, ka wanke su manya, ka kafa su a zauren mai unguwa ko a farfajiyar wata lakwal. Ajiye mutum ɗaya a gefe da rajista da fensir, domin a irin wannan rana ce wani zai tsaya gaban hoto na 9 ya ce ga kakansa, kuma akwai irinsa guda uku a gidansu.